Idan Garkuwar Jiki Ta Farfaɗo Ta Far wa Jijiyoyi: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Shan Maganin HIV

Mutum ya daɗe da ƙwayar cutar HIV a jikinsa, ya rame, ƙarfi ya ƙare. Aka ɗora shi a kan magani, ya fara murmurewa, sakamakon gwajin jini ya yi kyau. Ana cikin murna sai wata safiya ya tashi ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar ba nasa ba, kafin kwana uku matakala ta gagare shi hawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ƙwayar da yake haɗiya kullum ce ta jawo masa, abin da zai fara sha'awar yi kuma shi ne ya ajiye ta. A mafi yawan lokuta duka biyun kuskure ne, na biyun ma ya fi haɗari.

Akwai abu ɗaya da ke rikita zance, gara a warware shi tun yanzu. Kalmar jijiya a bakinmu tana ɗaukar abu biyu: wadda jini ke gudu a cikinta, da wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Duk inda aka ce jijiya a nan, ta saƙon ake nufi, sai in an ce ta jini.

Ta yaya samun sauƙi zai haifar da wani sabon ciwo?

HIV tana cin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ke tsara wa garkuwar jiki yadda za ta yi faɗa. Lafiyayyen babba yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowace maikurolita ta jini. Idan suka faɗi ƙasa da 200, ƙananan cututtukan da a da ba sa iya komai sai su samu ƙofa. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, jikin da garkuwarsa ta durƙushe ba ya iya nuna ciwo yadda ya kamata. Zazzaɓi da kumburi da mugunya alamun faɗa ne. Inda babu mai faɗa, sai cuta ta zauna shiru tana ɓarna.

Da an fara magani, cikin 'yan makonni yawan ƙwayar HIV a jini yake zubewa, garkuwa ta fara miƙewa. Tana buɗe ido sai ta tarar da gida cike da baƙi, ta far musu da ƙarfin da ya wuce kima. Wannan kumburi da ke biyo bayan farfaɗowar garkuwa shi likitoci ke taƙaita sunansa da IRIS. Wani lokaci yakan tono cutar da ke ɓoye ba a san da ita ba. Wani lokacin kuma cutar da ake kan yi wa magani, kamar tarin fuka, ita ce za ta yi kamar ta dawo sabuwa: kaluluwa ta kumbura, zazzaɓi ya dawo, alhali maganin yana aikinsa.

Likitoci a Ostireliya sun ba da rahoton irin haka tun 1992, lokacin da ake bai wa marasa lafiya maganin HIV guda ɗaya, zidovudine. Amma sai bayan 1996, da aka fara haɗa magunguna uku, abin ya fito fili, domin a lokacin ne garkuwar mutane ta fara farfaɗowa da gaske.

Akwai kuma nau'i na uku, wanda shi ne zancenmu. A nan babu baƙon da ake kora. Garkuwar ce ta rikice ta kama naman jikin da take karewa, wani lokaci jijiyoyi.

Me ke sa garkuwa ta kasa gane jikinta?

Ba a tare rundunar take dawowa ba. A watannin farko, hauhawar CD4 da ake gani a gwaji yawancinta tsofaffin ƙwayoyi ne, waɗanda suka taɓa faɗa suka maƙale a cikin kaluluwa, yanzu suka fito cikin jini. Sababbi kuwa, waɗanda wani ɗan ƙullutu mai suna tayimus da ke bayan ƙashin ƙirji yake horarwa, a hankali suke ƙaruwa cikin watanni da shekaru. Sannan a cikin rundunar akwai wani rukuni da aikinsa shi ne tsawatarwa, ya hana sauran wuce gona da iri. Idan masu faɗa suka dawo da yawa kafin masu tsawatarwa su daidaita, sai a samu giɓin da ɓarna ke shiga ta cikinsa. Haka kuma idan ƙwayoyi kaɗan suka rage, jiki yakan tilasta musu su hayayyafa da sauri don cike gurbi, kuma a cikin masu saurin yaɗuwar har da waɗanda dama suke da ɗan halin kai wa jiki hari.

Wata hanyar ita ce kamanni. Fatar wasu ƙwayoyin cuta tana kama da abin da ke jikin jijiya. Sanannen misali shi ne kamfilobakta, mai sa gudawa: garkuwa takan ƙera makami dominta, makamin kuma ya dace da jijiya.

Abin da ke nuna cewa laifin ba na ƙwayar maganin HIV ba ne shi ne, ana ganin irin wannan a wuraren da babu HIV sam. Waɗanda aka yi wa dashen ɓargo sukan gamu da shi. Haka masu karɓar alemtuzumab, maganin da ke share fararen ƙwayoyin jini ya bar su su sake tsirowa: kusan kashi ɗaya cikin ukunsu garkuwarsu takan taɓa tayirod, ƙullutun da ke gaban wuya, daga baya. Abin da ya haɗa su duka shi ne garkuwar da aka kwantar sannan ta tashi.

Waɗanne cututtukan jijiya ake magana a kai?

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce cutar Giyan-Bare, wadda a takardun asibiti za ka ga an rubuta Guillain-Barré ko GBS. Likitocin Faransa uku ne suka siffanta ta a 1916, a jikin sojoji biyu lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Na ukunsu, Sitrol, sunansa ya faɗi a hanya, ba a cika ambatonsa ba.

Jijiya kamar wayar lantarki take, da zare a ciki da riga a waje. Rigar, wadda ake kira mayelin, ita ke sa saƙo ya yi gudu. A GBS garkuwa takan yage rigar, ko ta taɓa zaren kansa. Yawanci abin yakan fara da sagewa ko jin kamar ana tsira allurai a yatsun ƙafa, sau da yawa tare da ciwon baya ko na cinyoyi mai tsanani. Sai rauni ya biyo baya a ƙafafu biyu lokaci guda, ya hau zuwa hannuwa, wani lokaci har fuska da maƙogwaro da tsokar numfashi. Saurinsa ne abin lura: mafi yawan mutane cikin mako biyu suke kaiwa ƙarshen tsananin, kuma ba ya wuce mako huɗu yana ƙaruwa. Hankalin mutum yana nan garau, yana ji yana gani jikinsa na ƙin bin umarni. Akwai wani reshenta da ake kira Mila Fisha, wanda ke farawa daga sama: idanu su kasa juyawa, a riƙa ganin abu biyu-biyu, tafiya ta koma tangaɗi.

Tana da 'yar uwa mai tafiyar hawainiya, CIDP. Ita ma rigar jijiya take ci, amma raunin yakan ɗauki fiye da mako takwas yana ƙaruwa, ko ya lafa ya dawo. Bambance su na da amfani domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Bayan waɗannan an ba da rahoton karkacewar fuska, da kumburin jijiyoyin kafaɗa mai farawa da azabar ciwo kafin hannu ya saki, da mayasteniya, inda saƙo ke kasa tsallakawa daga jijiya zuwa tsoka, fatar ido ta riƙa faɗuwa musamman da yamma.

Laka da ƙwaƙwalwa ma ba su tsira ba. Wani nau'in kumburin ƙwaƙwalwa da likitocin Faransa suka siffanta a 2013 yana faruwa ne idan wasu fararen ƙwayoyin jini masu kai hari, da ake kira CD8, suka cika ƙwaƙwalwa, sau da yawa a jikin mutanen da maganinsu ke aiki sosai. Ciwon kai, ruɗewa da farfaɗiya su ne alamunsa. A cikin abubuwan da aka ga suna tayar da shi har da yanke shan magani.

Abin ya yawaita ne? Kuma yaushe yake zuwa?

IRIS gaba ɗayansa ba baƙon abu ba ne. Kimanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma da suka fara magani sukan ga wani nau'insa, kuma yawanci mai sauƙi ne da ke da alaƙa da wata cutar da ke jiki. Wanda garkuwa ke kai wa jijiya hari kai tsaye kuwa ƙalilan ne ƙwarai, abin da aka rubuta a kansa galibi labarin marasa lafiya ɗaiɗaiku ne. GBS a tsakanin jama'a baki ɗaya mutum ɗaya zuwa biyu take kamawa cikin 100,000 a shekara.

IRIS na cututtuka ya fi zuwa a wata ukun farko, kuma ya fi samun wanda ya fara magani CD4 ɗinsa na ƙasa da 100, musamman ƙasa da 50. GBS ma takan iya zuwa cikin makonni ko watannin farko. Sauran cututtukan rikicewar garkuwa sukan yi jinkiri. Shi ya sa takardar da ke cikin kwalin magungunan HIV da yawa take gargaɗin cewa suna iya bayyana bayan watanni masu yawa da fara magani. Sai kuma a tuna, HIV da kanta tana iya jawo GBS ba tare da wani magani ba, musamman a makonnin farko na kamuwa.

Tafin ƙafata na zafi kamar na taka garwashi, dare ba barci. GBS ce?

Da wuya. Kama da wane ba wane ba ce. Abin da kike siffantawa ya fi kama da lalacewar ƙarshen jijiyoyi, wadda ita ce matsalar jijiya mafi yawa ga masu HIV. Takan fara a yatsu da tafin ƙafa biyu, ta hau a hankali cikin watanni kamar ana sa safa. Zafi da sagewa ne babban kukanta, ƙarfin tafiya kuwa yana nan. GBS kuma ƙarfi take ɗaukewa, cikin kwanaki.

Sanadin zafin ƙafa na da yawa. HIV kanta tana yi. Tsofaffin magunguna irin su stavudine da didanosine sun yi ƙaurin suna a kai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye stavudine tun 2010. Haɗin da aka fi bayarwa yanzu, tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ba a san shi da wannan illa ba. Isoniazid na tarin fuka yana yi, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Wanda aka ba shi isoniazid ba tare da B6 ba, ya tambaya. Ciwon suga, ƙarancin bitamin B12 da shan barasa duk suna cikin jerin. Ki kai kukan asibiti, domin da yawa daga cikin waɗannan ana iya gyara su, amma ba abin tashi tsakar dare ba ne.

To waɗanne alamu ne ba a kwana da su?

Rauni mai ƙaruwa daga yau zuwa gobe. Jiya ka tashi daga zaune da kanka, yau sai an kama ka. Ƙwarewa idan ana shan ruwa, murya ta canza, yawu ya gagara haɗiyewa. Kasa ɗaga kai daga matashi. Ganin abu biyu-biyu ko fuska ta saki. Fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba. Ciwon kai mai tsanani da amai, ruɗewa, ko farfaɗiya.

Numfashi shi ne abin tsoro, kuma yana da yaudara. Tsokar numfashi takan raunana a hankali, mutum ba ya huci ko shaƙewa yadda ake zato, sai dai ka ga yana yanke magana a tsakiya don ya ja iska, ko ya ƙi kwanciya rigingine. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna iska lafiya lau har sai abin ya yi nisa, don haka kada a dogara da ita. Gwaji mai sauƙi shi ne ya ja numfashi ɗaya ya yi ƙirga da ƙarfi. Idan bai kai ashirin ba, ko abin da yake kaiwa yana raguwa daga safe zuwa yamma, a nufi asibitin da ke da na'urar taimakon numfashi. Tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na masu GBS sukan buƙace ta.

In dakatar da maganin HIV ɗin har in ga yadda hali zai yi?

A'a. Wannan ita ce amsar da na fi so a riƙe a duk shafin nan.

Harin da garkuwa ta riga ta kai ba ya janyewa don an ajiye ƙwaya. Abin da zai faru shi ne HIV ta dawo cikin 'yan makonni, CD4 ya sake zubewa, a wayi gari ga raunin jijiya ga karyewar garkuwa. Ranar da aka koma kan magani kuma garkuwa za ta sake bin hanyar farfaɗowar daga farko. Yankewa da komawa yana bai wa ƙwayar damar koyon bijire wa magani. Wanda kuma yake da ciwon hanta nau'in B tare da HIV, tenofovir da lamivudine su ke danne masa shi. Ajiye su kwatsam na iya tayar da kumburin hanta mai kisa. An gwada yanke magani a wani babban bincike mai suna SMART, aka dakatar da tsarin a 2006 saboda masu yankewa sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen shiga mummunan ciwo ko mutuwa.

Akwai lokutan da likita da kansa zai dakatar, misali idan kumburin ƙwaƙwalwa ya kai ga barazana ga rai kuma ya ƙi jin magani. Wannan hukunci ne da ake yankewa a gefen gadon asibiti, da gwaje-gwaje a hannu. Idan haɗiya ce ta gagara, akwai hanyar ba da maganin ta bututun hanci.

Me za a yi mini a asibiti? An ce ɗibar ruwan baya na gurgunta mutum.

Likita zai fara da 'yar gudumar roba a gwiwa da agara. A GBS ƙafa ba ta zabura. Zai auna ƙarfin numfashi, ya maimaita duk bayan 'yan sa'o'i. Za a duba CD4 da yawan ƙwayar HIV a jini, domin ba a cewa farfaɗowar garkuwa ce sai an ga ƙwayar ta ragu da gaske. Za a duba sinadarin fotasiyam a jini, don ƙarancinsa kaɗai yana iya kwantar da mutum, kuma gyaransa na sa'o'i ne. Akwai gwajin da ake bi da 'yar wutar lantarki ta jijiya a auna gudun saƙo, da hoton MRI idan ana zargin laka ko ƙwaƙwalwa.

Batun ruwan baya kuwa, tsoron ya fi haɗarin. Laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta. Abin da ya ɓata wa gwajin suna shi ne, waɗanda ake yi wa shi dama suna cikin ciwo mai ƙaruwa, idan suka ƙara rauni washegari sai a ɗora wa allura. Illar da aka fi gani ita ce ciwon kai na 'yan kwanaki.

Ga mai HIV wannan gwaji ba abin tsallakewa ba ne. A GBS furotin ɗin ruwan yakan ƙaru, fararen ƙwayoyin jini kuma su kasance kaɗan, ko da yake a makon farko yana iya fitowa lafiya, kuma mai HIV yakan ɗan fi sauran mutane yawan ƙwayoyin. Babban amfaninsa shi ne kore masu kama da ita. Idan CD4 na ƙasa da 50, wata ƙwayar cuta mai suna CMV takan kama saiwoyin jijiyoyin ƙugu, ta kawo raunin ƙafafu da riƙewar fitsari. Maganinta ganciclovir ne, kuma jinkiri na barin naƙasa. Tarin fuka na laka, tunjere da sankarar kaluluwa su ma suna shigowa da irin wannan kama. Sai an kore su ake cewa garkuwa ce.

Yaya ake maganinta?

GBS hanya biyu gare ta, kuma ƙarfinsu ɗaya. Ta farko ita ce IVIG, sinadaran kariya da aka tace daga jinin dubban masu ba da gudummawa, ana ƙara wa mutum ta jijiyar jini, giram 0.4 ga kowane kilo na nauyinsa, kullum har kwana biyar. Ta biyu ita ce tace ruwan jini: na'ura ta cire ruwan da ke ɗauke da makaman da ke cin jijiya a mayar da wani, kamar sau biyar cikin mako ɗaya zuwa biyu. An fi cin moriyarsu idan an fara cikin mako biyun farko. Haɗa su ba ya ƙara komai. Mai HIV ana yi masa irin wanda ake yi wa kowa.

Ga inda ake yawan kuskure. Sitiroyid, irin su prednisolone, shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi idan an ji kalmar kumburi, amma an gwada shi a GBS an ga ba ya taimakawa. A CIDP kuwa yana aiki, haka a kumburin ƙwaƙwalwa na CD8, inda yake iya ceton rai, da IRIS na tarin fuka. A sanƙarau na fangas ɗin kiriftokokas kuma, abin da ya fi muhimmanci shi ne a riƙa rage ruwan baya don sauke matsin da ke cikin kai. Sitiroyid yana iya tayar da sankarar Kaposi da wasu cututtukan da ke kwance. Ba maganin da mutum zai saya wa kansa ba ne.

Rabin aikin kuwa jinya ce: juya mai ciwo don kada gyambon kwanciya ya kama shi, allurar hana jini daskarewa a ƙafafu, lura da bugun zuciya da hawan jini domin jijiyoyin da ke sarrafa su ma sukan taɓu, ciyarwa ta bututu idan yana ƙwarewa, da motsa gaɓoɓi tun yana kwance don kada su ƙage. Ciwon jijiya ba ya jin farasitamol sosai. Gabapentin ko amitriptyline aka fi bayarwa. A nan a yi hattara da carbamazepine, wanda shi ma ake bayarwa don ciwon jijiya: yana rage ƙarfin dolutegravir a jini. Magungunan HIV masu ritonavir ko cobicistat kuma suna sa wasu nau'o'in sitiroyid su taru a jiki. Duk likitan da zai rubuta wani abu, a nuna masa kwalbar da ake sha.

Ƙanena na da sanƙarau da HIV, amma an ce ba za a fara masa maganin HIV ba sai bayan wata guda. Ba sakaci ba ne?

Ba sakaci ba ne, in sanƙarau ɗin na kiriftokokas ne ko na tarin fuka. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Kumburin da zai zama ɗan zazzaɓi a wani sashen jiki, a cikin kai yana iya kisa. Wani bincike da aka yi a Yuganda da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2014, ya kwatanta fara maganin HIV cikin mako ɗaya zuwa biyu da jinkirta shi zuwa mako biyar ga masu sanƙarau na kiriftokokas. Cikin wata shida, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gaggawa sun rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 30. Shi ya sa ƙa'ida ta zama a jira mako huɗu zuwa shida, na tarin fuka kuma huɗu zuwa takwas.

Wannan togiya ce kawai. Ga kusan kowa, da wuri ake so a fara.

Akwai abin da zai hana faruwarsa?

Babu allura ko ƙwayar da ke hana garkuwa taɓa jijiya. Amma tun da haɗarin IRIS yana tafiya ne da zurfin ramin da garkuwa ta faɗa, wanda ya fara magani CD4 ɗinsa na sama kusan ya kauce masa. Binciken START na 2015 ya nuna fara magani nan take ya rage munanan cututtuka da mutuwa da fiye da rabi, kuma a shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk mai HIV magani ba tare da jiran CD4 ya faɗi ba.

Wanda ya zo a makare kuma, ana bincikarsa kafin a fara: tarin fuka, da gwajin kiriftokokas a jini idan CD4 ya yi ƙasa sosai. Ga masu tarin fuka da CD4 ɗinsu bai wuce 100 ba, wani bincike a Afirka ta Kudu da aka wallafa a 2018 ya nuna ba da prednisone na mako huɗu ya rage IRIS daga kusan kashi 47 zuwa kusan 33 cikin ɗari.

Mijina na kwance ba ya motsa ƙafa. Zai sake tafiya?

Mafi yawa suna tashi. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu GBS suna tafiya da ƙafarsu ba tare da an riƙe su ba bayan wata shida. Raunin yakan tsaya cak na kwanaki ko makonni, sannan ya fara janyewa, sau da yawa daga sama zuwa ƙasa, yatsun ƙafa su zo ƙarshe. Idan riga kawai aka yage, gyara na sauri ne. Idan zaren ya tsinke, sai ya sake tsirowa, kuma ba ya wuce kimanin milimita ɗaya a rana. Ki auna tsawon ƙafa ki ga dalilin da ya sa ake maganar shekara ko fiye.

Ba za a ɓoye miki ba, wasu sukan rage da rauni, kaɗan kuma sukan rasu, yawanci ta hanyar numfashi, ciwon huhu ko zuciya. Gajiya takan daɗe ko bayan ƙarfi ya dawo, kada a ɗauke ta lalaci. Kamar mutum ɗaya cikin goma yakan ɗan koma baya bayan ya fara samun sauƙi, a sake ba shi magani. Idan komawar ta yi ta maimaituwa ko ta wuce mako takwas, likita zai fara tunanin CIDP ce.

In yana kan na'ura ba ya magana, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Ku shirya wata alama da ƙiftawar ido.

Ana ɗaukar GBS daga wani? Shan inna ce ko shanyewar ɓarin jiki?

Ba a ɗauka, ba a kuma gadonta. Shanyewar ɓarin jiki daga jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa take, farat ɗaya take zuwa a gefe guda. Shan inna ƙwayar cuta ce daban, ta fi kama yara, takan zo da zazzaɓi ta fi taɓa ƙafa ɗaya.

Maganin ciwon hanta ma yana jawo haka?

Tsohon maganin ciwon hanta nau'in C, allurar intaferon, yana yi, amma ta wata hanya: shi da kansa yake zuga garkuwa, kuma an san shi da tayar da ciwon tayirod, jefi-jefi da na jijiya. Ƙwayoyin da suka maye gurbinsa tun daga sofosbuvir a 2013 ba sa zuga garkuwa haka. Abin lura da su shi ne suna iya ba ciwon hanta nau'in B damar tashi, shi ya sa ake gwada shi kafin a fara.

Na shekara biyu a kan magani, yanzu ina rama, hannuna na rawa, cinyoyina ba ƙarfi. Maganin ya daina aiki ne?

Wataƙila yana aiki ne fiye da yadda kake zato. A duba yawan ƙwayar HIV tukuna, amma a haɗa da gwajin tayirod. Cutar Girebs, wadda ake rubutawa Graves, ita ce fitacciya a cikin masu zuwa a makare, yawanci tsakanin shekara ɗaya zuwa uku da fara magani, daidai lokacin da CD4 ya hau sosai. Garkuwa ce ke zuga ƙullutun da ke gaban wuya ya yi aiki fiye da kima. Mutum yana ci yana ramewa, zuciya na bugawa da sauri, zufa ba dalili, barci ya ƙaurace, tashi daga tsugune ya zama aiki. Saboda ramar, sau da yawa akan fara zargin tarin fuka ko dawowar HIV, saboda raunin cinyoyin kuma a zargi jijiya. Gwajin jini ɗaya mai suna TSH yakan raba gardama, kuma ana maganinta da ƙwayoyi irin su carbimazole ba tare da an taɓa maganin HIV ɗin ba.